Azumin Da Ya Kai Ni Ƙofar Maƙwabcina

 Yau ba baƙo a shirin, ni ne zan ba ku labarin kaina, kuma labari ne da na daɗe ina jin kunyarsa.

Ni Kirista ne, ɗan Katolika, ina noman rani a Auyo, cikin filayen aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja. Azuminmu na kwana 40 yana farawa ne ranar Larabar Toka. Ana ƙona ganyen dabinon da muka riƙe a bikin bara, a shafa mana tokar a goshi don mu tuna daga ƙasa muka fito. Ba a lissafa ranakun Lahadi, sai a tafi har Ista. A 2025 ya fara 5 ga Maris, lokacin 'yan'uwa Musulmi sun riga sun shiga Ramadan da 'yan kwanaki. Gari duka ana azumi.

Dokar ranar Juma'a ita ce kada a ci nama. To don Allah, mutumin da ke zaune bakin kogin Haɗeja, ga tarwaɗa ga karfasa, wane irin hani ne wannan? Ni dai ban taɓa jin jiki ba. Shekaru ina wannan azumin, babu abin da ya canza a raina.

Wanda ya san wurinmu ya san kachalla. Ciyawar nan tana toshe hanyar ruwa, sai ruwan ya zo kaɗan, a riƙa bin layi. Wani dare, layin wani dattijo ne da gonarsa ke jikin tawa, na lallaɓa na juya ruwan zuwa shinkafata. Da safe ya tarar da fadamarsa a bushe. Ya zargi wani yaro mai yi masa aiki, ya sallame shi. Ina tsaye ina ji, ban ce uffan ba.

Sati biyu ina fama. In na durƙusa addu'a, fuskar yaron nake gani. Ranar Juma'a na shiga Haɗeja don ibadar Hanyar Gicciye, na tsaya na furta wa Fada. Na ɗauka zai ce in yi addu'a kaza in tafi. Sai ya tambaye ni: yaron ya koma aikinsa? Na ce a'a. Ya ce to ai ban gama ba.

Kai, hanyar gidan dattijon nan ta fi mini kwana 40 tsawo. Na jira har aka sha ruwa, na yi sallama, na zauna a ƙasa. Na ce, "Baba, ni ne na juya ruwan nan, ba yaron ba."

Ya yi shiru har na fara jin zufa. Sai ya tura mini kwanon kunu ya ce, "Sha tukuna." Da na sha, ya ce shi ya yafe, amma haƙƙin yaron ba a hannunsa yake ba. In je ƙauyensu da kaina in dawo da shi, in biya shi kuɗin kwanakin da ya rasa.

Na je. Yaron bai yi mini dariya ba, bai kuma ce ya yafe ba, ya dai karɓi kuɗin ya ƙirga a gabana. Ranar Asabar muka shiga hanyar ruwan mu uku da lauje, muna sarar kachalla har rana ta take.