Ɗa na kowa ne: jawabin shugabar mata a taron iyaye na Garin Kaka



Da yawanmu mun baro Sakkwato da Zamfara ba tare da kakanni da gwaggonnin da ke taya mu raino ba. A nan, maƙwabciya ita ce gwaggo.

Ranar rabon abinci uwa kan yini a layi, yaro ya yini da yunwa. Don haka kowane gida biyar su ware mace ɗaya ta zauna da yara, a riƙe mata wurinta a layi. Maza, ɗebo ruwa ranar nan naku ne.

In kin auna damtsen yaro da ma'aunin tamowa ya nuna ja, ko kin ga ƙafafunsa biyu sun kumbura, ki faɗa wa uwarsa, ku kai shi asibiti, kada ya kwana.

Allah ya raya mana su.