Jirgin yumɓu da abin da yake koya wa yaranmu

 

Wasu iyaye suna tambaya: me ya haɗa ƴan lakwal na ƙasar Tasawa da ƙera jirgi, alhali ko a Gulbin Kaba ba a hawan jirgi? Ga amsa.

Mukan ba yaro curin yumɓu, ya saka cikin ruwa, ya nutse. Sai ya ɗauko shi, ya buɗa shi kamar ƙwarya, ya aza bisa ruwa, sai ga shi yana yawo. Nauyi bai sake ba, siffa ce ta sake. Dalili shi ne, duk abin da ya shiga ruwa yana ture ruwa, ruwa kuma yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Wani masani Bagirke, Arshimed, wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bayyana wannan ƙa'ida.

Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ke nan ƙwarya mai cin lita 5 ba ta ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, har da nauyin kanta. Don yara su tabbata, sukan yi jirgi da kara ko gwangwani, su riƙa zuba tsakuwa ɗaya-ɗaya suna ƙirga, har ruwa ya kai baki ya shiga.

Ƴan'uwa, waɗannan yara gobe su ne matafiya. A shekarar 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Benin, mutane da kwale-kwale suka riƙa ƙetare kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanbil. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya nutse kusa da Wara a jihar Kabi, mutane da yawa suka rasu. Yaron da ya ga tsakuwa ɗaya ta nutsar da jirginsa zai dubi bakin jirgi kafin ya sa ƙafa.

Roƙona gare ku: ku aiko mana da gwangwani da tsofaffin ƙoƙuna. A cikin kwano muke wannan aiki. Kada a bar yaro ya tafi tabki shi kaɗai. Ku kuma masu tafiya, in kun ga jirgi ya cika, ku jira na baya.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya bar zumunci. Wassalam.