Tocila, Fitila da Bakin Wuta: Jawabi a Kan Wata Matsalar Fassara



Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne, har aljihu yana shiga, watau tocila. Na zaɓe ta ne domin da yawa daga cikinmu gobe su ne za su zauna a ofisoshin ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura suna juya takardun Turanci zuwa Hausa, waɗansu kuma su yi tafinta a kotu.

A bakin mutumin Ingila kalmar "torch" ma'ana biyu gare ta: itace ko kara mai ci da wuta, da kuma abar nan mai batir. Ba'amurke kuwa ya raba su. Mai batir "flashlight" yake ce mata, saboda batiran farko, wajen 1899 sa'ad da David Misell ya yi rajistar ƙirarsa, ba su da juriya, sai hasken ya walƙata ya ɗauke. Mu ta hannun Ingila muka karɓa, shi ya sa muke cewa tocila, waɗansu su ce cocila. Amma fa ma'ana ɗaya tak muka ara. Bahaushe bai taɓa kiran bakin wuta tocila ba.

To, a ce mai gabatar da ƙara ya karanta cewa an ga wanda ake tuhuma riƙe da "torch" a bayan rumbu da tsakar dare. In tafinta ya ce tocila, wataƙila bawan Allah akuyarsa yake nema. In ya ce bakin wuta, lalle ya mai da shi mai niyyar ƙone hatsin mutane. Tsakanin fassarorin nan biyu akwai shekarun kurkuku, alhali wanda ake tuhuma bai ji Turancin ba, balle ya yi gardama.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Sifaniyanci akwai "linterna", wadda ta yi kama da "lantern" ta Turanci har ta ruɗi mai koyo, amma galibi tocila take nufi. Fitilar ratayewa "farol" ce, wutar da aka yi gudu da ita zuwa wasannin Olympics na Basalona a 1992 kuwa "antorcha".

Tamu kalmar fitila daga Larabci ta zo, inda asalinta ke nufin lagwani. Mun shimfiɗa ta har ta rufe aci-bal-bal mai man gyaɗa, da fitilar ƙwai mai kananzir, da ta mota, da ta sola. A ganina ta yi faɗi ga takardar ofis. Akawun da ya rubuta "fitila goma" a jerin kayan asibitin ƙauye yana iya kawo wa ungozoma fitilun ƙwai, ita kuwa tocila take so ta duba mai naƙuda. Wanda aka tura Babura kuma ya shirya wa takardun Faransanci daga Nijar, inda tocila take "lampe de poche", watau fitilar aljihu.