Rami ɗaya a ƙafar jirgi

Shugaban taro, malamai, iyayena maƙera da masu walda da kanikawan Rogo da Ƙaraye: Maganata ta yau a kan rami ɗaya ce tak, wanda faɗinsa kimanin milimita 6 ne, ramin da ake hudawa a ƙafar ƙaramin jirgin sama don a ɗaure ta da noti. Na zaɓe shi ne saboda ina da yaƙinin cewa abin da ya rage wa matasanmu masu ƙera jirgi a gida yana cikinsa. A shekarar 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun Toyota da tarkacen ƙarafa, har ya ɗaga sama kamar ƙafa bakwai. Basira kam ga ta nan, ba mai musu. Sai dai duk abin da ya tashi sai ya sauko, kuma nauyin saukar gaba ɗaya a kan ƙafa yake ƙarewa.

Wasu kamfanonin da ke sayar da kayan haɗa jirgi a gida, irin su Sonex na garin Oshkosh a Amurka, da sandar titaniyam suke yin wannan ƙafa. Suna da hujja. Nauyin titaniyam ya ɗara rabin na ƙarfe da kaɗan, ba ya tsatsa, kuma yana lanƙwasa kusan ninki biyu na ƙarfe sannan ya koma yadda yake, don haka yana shanye dukan ƙasa kamar sifirin. Amma wajen huda yana da wuyar sha'ani. Zafin da ƙarfen da muka saba da shi yake kwashewa ya watsa a jikinsa, titaniyam kashi ɗaya cikin bakwai kawai yake iya ɗauka, sauran ya taru a bakin mahuji. Wanda ya danna injin hannu a guje, kamar yadda ake huda ƙyauren shago, zai ji ƙara ta koma tsuwa, bakin mahujin ya yi shuɗi, ɓarɓashi ya daina fita. A daidai nan mahujin ya daina yanka ya koma guga, gugar kuwa taurara gindin ramin take yi, har sabon mahuji ma ya kasa cinsa.

Maganin haƙuri ne da ƙa'ida. A ɗaure sandar tamau a kan teburin injin huda na tsaye, a sa mahuji mai kaifi wanda aka haɗa da kobalt, a rage gudu zuwa juyi 300 ko 500 a minti, a danna da ƙarfi ba sassautawa, ana zuba man yanka, ana ɗagowa ana share ɓarɓashi. Sannan a goge bakin ramin ya yi sumul, domin daga ɗan ƙarzon da ido bai damu da shi ba tsaga ke farawa, tana ƙaruwa da kowace sauka, har ranar da ƙafar za ta karye ba sallama. Ɓarɓashin kansa yana kama wuta, kuma busasshen yashi ake zuba masa, ruwa ƙara masa fitina yake yi. Ko kamfanin Lockheed, da yake ƙera jirgin SR-71 a shekarun 1960, sai da ya raba ma'aikatansa da sifanun da aka shafe da kadmiyam, don ya gano suna lalata titaniyam.

Wani zai ce, malam, ina ruwan Rogo da titaniyam, abin da ko a kasuwar Ƙofar Ruwa samunsa aiki ne? Gaskiya ne, yana da tsada kuma daga waje yake zuwa. To amma ladabin huda shi, shi ne ladabin huda ƙarfen da ba ya tsatsa, da sifirin ɗin mota, da sandar injin ban-ruwa da manoman rani ke dogaro da shi a bakin madatsar Challawa tun da aka gama ta a 1992. Ramin da ya karkace a injin matse rake asarar yini guda yake jawowa, a ƙafar jirgi kuwa rai yake ci.

Wani kuma zai ce wannan kashe wa yara gwiwa ne. Ni a ganina wanda ya yi wa yaro tafi ya bar shi ya hau abin da ba a auna ba, shi ya cuce shi. Mun ga yadda abin yake idan an bi hanya. A Kaduna kamfanin AIEP ya ƙera jiragen Air Beetle guda 60 don horar da matuƙan sojan sama, a kan tsarin RV-6A, wanda asalinsa jirgin haɗawa ne a gida, kuma da ƙafar ƙarfe, ba titaniyam. Abin da suka riƙe shi ne zane, da awo, da mai duba aiki kafin a tashi. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama tana nan Zariya maƙwabciyarmu tun 1964. Roƙona ga ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye da masu hannu da shuni: ku sayi injin huda na tsaye da ma'auni da mahujai masu kyau ku ajiye inda yaranmu ke koyon sana'a, ku ɗauki nauyin biyu ko uku daga cikinsu zuwa Zariya.