A Gyara Injin Ko a Sauya Shi?

Duk direban da ke ɗaukar kaya daga Cadakori zuwa Maraɗi, ko yake bin babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji, Agye da Gazawa, ya san ranar da inji zai fara fitar da shuɗin hayaƙi yana shan baƙin mai. Ranar ce ake fara lissafi.

A ganina, mun cika gaggawar cewa a sauke inji. In ringi ne ya cinye, ko gaskit ya ƙone don an bar lagireta ba ruwa a zafin bazara, gyara ya fi. Makanike mai gaskiya zai buɗe ya nuna maka ɓarnar da idonka. Amma in gangar injin ta tsage, kada ka zuba kuɗin gyaɗarka a rijiya. Nemi wani.

Sai dai injin kwance ma caca ne. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da suka saba zuwa ta Kwatano sai sun zagayo. Mai sayarwa zai rantse maka injin ɗanye ne, alhali shi ma bai san tafiyar da ya sha ba.

Don haka, malam direba, kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka, an kuma rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa.