ABIN DA KE CIKIN AKWATIN REDIYO
Jawabin da aka gabatar a taron iyayen yara

 

Ni dai ba ɗan boko ba ne, Islamiyya na yi. Amma yau shekara talatin da 'yan kai ina sayar da rediyo a nan kurmi. Abin da na fara sayarwa sai an rungume shi da hannu biyu. Yau kuwa wayar da ke aljihunku tana ɗauke da rediyo iri-iri a kan ɗan abin da bai kai farcen yatsa ba, wanda masu gyara ke kira ayisi. To wa ya yi wannan aiki? Shi ne na bi diddigi.

A shekarar 1947 aka ƙirƙiro taransisto a Amurka. A 1958 wani injiniya, Jack Kilby, ya haɗa da'irar lantarki sukutum a kan ƙwaya ɗaya. Ɓangaren lissafi ya yi ta ƙanƙancewa, amma ɓangaren kama iska ya ƙi. Dalili kuwa, lissafi sifiri ne da ɗaya, ko akwai ko babu. Saƙon da ke zuwa ta iska kuwa igiya ce mai hawa da sauka, ta iso eriya a galabaice, ga hayaniya ta ko'ina. Sai an ƙara mata ƙarfi ba tare da an ƙara hayaniyar ba, sannan a tsamo ta daga cikin saura. Kamar dai ka jiyo muryar ɗanka a tsakiyar kasuwar Alaba. Ga shi igiyar waya tana kaɗawa sau miliyan 900 a daƙiƙa ɗaya, wata ma miliyan 1,800.

Shi ya sa a da ake yin wannan ɓangare daban, da kayan tsada. Sai wani malami haifaffen Pakistan, Asad Abidi, wanda ya kama aiki a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas a 1985, shi da ɗalibansa suka dage. A shekarun 1990 suka nuna cewa silikon mai arha na ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato CMOS, zai iya wannan aiki. Wannan na cikin dalilan da Wi-Fi da Bluetooth suka yi arha har talaka ya samu.

Jama'a, ga inda maganata ta dosa. Wannan aiki a jami'a aka yi shi, kuma da hannun ɗalibai, 'ya'yan mutane irin namu. Mu kuwa yaro yana gama firamare sai mu ce ya zo shago. Ni kaina na yi haka da babban ɗana, yaron da yake kwance rediyo ya mayar tun yana ɗan shekara goma. Har yau abin yana ci mini rai.

Ban ce ciniki aibu ba ne, shi ya rufa mana asiri. Amma mai saye da sayarwa ribar kwabo yake ci, mai ƙira shi ke yanka farashi. Don Allah duk wanda ya ga ɗansa ko 'yarsa na da kan lissafi da kimiyya, ya bar shi ya kai jami'a, ya karanci injiniyancin lantarki. In kuɗi ya gagara, a kawo maganar gaban ƙungiya mu yi karo-karo, ni zan fara sa nawa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.