Yaya Ake Hana Cuta Fita Daga Ɗakin Bincike?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, wanda ya ce: shin yaya masana ke aiki da ƙwayoyin cuta da magunguna masu guba a cikin ɗaki, amma su fito lafiya?

To malam, sirrin yana ga iska. A irin wannan ɗaki, injuna suna zuƙe iska fiye da wadda suke turawa ciki. Saboda haka ko an buɗe ƙofa, iskar waje ce ke shiga, ta ciki ba ta fita. Iskar da aka zuƙe kuma ba a mayar da ita ɗakin, sai a fitar da ita ta dogon bututu a saman gini. Inda ake aiki da cuta mai haɗari, sai iskar ta bi ta wani matacin da ya fi rariya ƙananan ido nesa ba kusa ba.

Ga misali daga ƙasar Amurka. Dokta Jonas Salk, wanda aka tabbatar da ingancin allurarsa ta rigakafin shan inna a 1955, ya kafa cibiyar bincike a jihar Kalifoniya. Mai zanen gini Louis Kahn ne ya tsara ta, aka kammala a 1965. Dabarar da ya yi ita ce, a bisa kowane hawa na ɗakunan bincike ya sa wani hawa daban, na bututun iska da na ruwa da wayoyin lantarki kawai. Ke nan hawa uku na masana, uku na bututu. Masu gyara sukan shiga can su yi aikinsu ba tare da sun tsayar da bincike ba. A 1992 ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta ba ginin lambar yabon da take bai wa ginin da ya daɗe yana amfani.

Darasi gare mu shi ne, guba tana tafiya a iska. Don Allah kada a ajiye maganin feshi ko hatsin da aka sa wa ƙwayar maganin ƙwari a ɗakin kwana, kada kuma a kunna janareta a cikin shago a rufe. Rigakafi dai ya fi magani.

Da fatan malam ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Mu kwana lafiya.